Layin Motocin da Bature Ya Sallama

Na shigo Jidda da bizar umara, na yi umarata, ban koma ba. Na yi dako, na yi gadi, na yi leburanci. Sana'ar da na fi daɗewa a kanta ita ce wankin mota. Bokiti biyu, soso, tsumma da keke, iyakar jarina ke nan.

A unguwar Madain Fahd wankin mota da layi ake yin sa. Kowa da layinsa, ba ka taɓa motar layin wani ko da mai ita ya kira ka. Layi kuma a hannun haris yake, wato mai gadin bene, don shi ke riƙe da mabuɗin famfo. Wanda haris ya ba ruwa shi ke da layi.

Wani Basakkwace ne ya koya mini aikin, a layinsa nake taya shi. Akwai kuma wani Badamagare da shi ma yake taya shi ranakun da aiki ya yi yawa. Rannan aka yi kame, aka tafi da Basakkwacen. Kafin a sa shi a jirgi ya samu waya ya kira ni, ya ce in riƙe layin. Ashe ya kira Badamagaren ma, ya faɗa masa haka. Har yau ban san dalilinsa ba. Wataƙila ya manta ne, wataƙila kuma bai so ya ɓata wa kowa.

Muka wayi gari mu biyu a bakin famfo ɗaya. Haris ɗin ɗan Yaman ne, ba ya son surutu. Ya ce mutum ɗaya zai ba mabuɗi, mu je mu daidaita, in ba haka ba ya kira ɗan Bangaladash. Badamagaren yana da wani ɗan guntun layi a can baya. Ni ba ni da komai sai wannan. Faɗa kuma ba namu ba ne. Duk cikinmu ba mai iƙama, wato takardar izinin zama, in aka ji hayaniya aka kira 'yan sanda, jirgi ɗaya za mu hau.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka kai maganar shagon wani tsohon tela a unguwar Sa'alaba. Baba muke ce masa. Nan mutanenmu ke zama, nan ake raba gardama. Baba ya saurare mu, ya ce a yi ƙuri'a, zai ɓoye maɓalli a hannu ɗaya.

Badamagaren ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kai Bakano, shi Bakano. Maɓallin ma na tabbata daga Kano aka kawo shi."

Na ce, "To kawo na Damagaram, in kuna da riguna masu maɓalli."

Aka yi dariya, amma ƙuri'a ba ta yiwu ba.

A kan benci akwai wani da muke kira Dakta. Ba likita ba ne, a kantin magani yake aiki, da takardunsa cikakku. Duk Juma'a yana zuwa cin tuwo a unguwar, ya zauna wurin Baba ya kafa wa waya ido. Abin da yake kallo shaɗaranji ne, darar nan ta Turawa da Larabawa mai doki da sarki. Manyan 'yan wasa ake tarawa a wata ƙasa, su zauna biyu-biyu sanye da kwat, shi kuma ya zuba kuɗi ta waya a kan wanda yake ganin zai ci. Mun san yana yi, ba ma magana, don a ƙasar nan abin ɗauri ne.

Dakta ya ɗago ya ce, "Ga alƙalin da ba Bakano ba, ba Badamagare ba. Ana cikin wasa yanzu. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya. Wanda nasa ya ci, layi nasa."

Baba ya ce, "Caca dai, a shagona?"

"Baba, ai ƙuri'a ce. Tana dai ɗaukar lokaci."

"Kai naka fa da ka zuba kuɗi?"

"Nawa daban, Allah Ya yafe mini. Nasu ba kuɗi a ciki."

Baba ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa. Daga baya ya ce shi bai ji ba, bai gani ba.

Badamagaren ya ce ya yarda da wannan fare, haka suke kiran caca a wajensu. Ni ma na yarda, don na iya dara. A garinmu ba a tashe ni daga gurbi da sauƙi. Na ɗauka dara ai dara ce, ko ta wace ƙasa.

Aka jingina wayar a jikin gwangwanin allura. Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya Bature ne babba mai sanƙo, 'ya'yansa farare. Ɗayan ɗan Indiya ne siriri mai tabarau, 'ya'yansa baƙaƙe. Baba, wanda bai ji ba bai gani ba, ya ce ni zan fara zaɓa tunda na riga Badamagaren shiga layin. Aka kuma hana Dakta buɗe baki.

Na duba gefen allon inda ake ajiye waɗanda aka ci. Baturen ya fi kwashe na abokin wasansa. A dara wanda ya fi ci shi ke gaba, wannan ko yaro ya sani. Na ce Bature nawa. Dakta ya sosa hanci.

Badamagaren ya ce, "Bon. Na ɗauki siririn. Da gani ya san yunwa, ɗan'uwana ne."

Sai muka zauna kallo. Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. A dara hannu ba ya hutawa, baki ma haka, kana ci kana zagi. Waɗannan kuwa ba sa magana, ba sa kallon juna. Mutum zai tallafe haɓa ya zura wa katako ido har ka sha shayi ka gama. Na ce wa Dakta wayarsa ta tsaya. Ya ce ba ta tsaya ba, tunani ake yi. Can sai Baturen ya tura ɗan ƙaramin abu gaba kaɗan, ya danna agogo, ya yi rubutu a takarda, ya tashi ya tafi yawonsa.

Na ce, "Ina zai je? Ya bar mini layi a kan tebur?"

Badamagaren ya ce, "Ya tafi neman bokiti, ya ji an ce kai ne maigidansa."

A gefen hoton akwai wani dogon zane, rabi fari rabi baƙi, yana hawa yana sauka. Na ɗauka cajin waya ne. Dakta kuwa shi yake kallo fiye da mutanen. In baƙin ya hau sai ya gyara zama.

Aka kira la'asar, Baba ya ja ƙofa, muka je muka dawo. Suna nan yadda muka bar su, sai dai Baturen ya cire kwat. Na tambayi Dakta yadda doki ke tafiya, ya nuna mini. Na tambayi na kusa da shi, ya ce wannan giwa ce, a karkace take tafiya. Giwa a karkace. Na bar tambaya.

Can wajen yamma siririn ya ɗauki babban ɗansa, wanda Dakta ya ce shi ne waziri, mafi ƙarfi a allon, ya ajiye shi a gaban sarkin Bature. Baturen ya daɗe yana kallo, sannan ya cinye shi. Na miƙe tsaye.

Na ce, "Halas! Ɗan'uwanka yunwa ta rufe masa ido. Gobe ka zo ka taya ni, zan ba ka tayoyi ka wanke."

Badamagaren ya zura wa wayar ido. Shi ma lissafin dara yake yi, ya ga an kwashe masa gida. Har ya fara cewa Baba dama shi bai so wannan fare ba.

Siririn ya tura doki. Baturen ya matsar da sarki. Siririn ya sake tura wani abu. Daga nan Baturen ya dafe sanƙonsa da hannu biyu. Ya daɗe a haka. Na ƙirga nasa, na ƙirga na siririn, nasa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Sai na ga ya tsayar da agogo, ya miƙa hannu, sun gaisa, kowa ya sa hannu a takarda.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Dakta ya ce, "Malam, zauna. Naka ne ya sallama."

"Ya sallama me?"

"Wasan. An cinye shi."

"Wa ya cinye shi? Ga sarkinsa nan tsaye. Ga 'ya'yansa sun fi yawa."

"Ba yawa ake dubawa ba. Ya hango duk inda ya bi za a kashe sarkin nan gaba kaɗan."

"An kashe shi?"

"Ba a kai ga kashewa ba."

"To a kashe mana in gani."

Dakta ya ce manya ba sa jira a kashe su, rashin ladabi ne. Wannan magana ita ce ta fi ɗaure mini kai. 'Yan sanda sun taɓa bi na da mota a unguwar Ammariyya, na haura katanga, na kwana cikin tankin ruwa da babu ruwa. Ban taɓa tsayawa na miƙa hannu don na hango za a kama ni ba. Ga mutum a zaune cikin sanyi, da ruwan gora a gabansa, ba mai bin sa, ya miƙa hannu da kansa, ya haɗa da layina.

Badamagaren da ya gane nasa ne ya ci, sai baki ya dawo. Ya ce, "Dama na faɗa muku, tun farko na ga dabarar yaron."

Baba ya ce, "Kai rufe mana baki, yanzu kake neman janyewa."

Na ce ban yarda ba sai an ƙarasa. Dakta ya ce mutanen sun tashi, sun tafi cin abinci. Na ce ni ban tashi ba. Sai ya jera 'ya'yan a wayarsa daidai yadda aka bar su, ya ce in karɓi na Baturen, wayar za ta karɓi na siririn. Duk wanda na nuna zai gaya mini inda yake iya zuwa.

Na nuna wani babba, na ce a ci dokin can. Ya ce ba dama, sarkina na cikin hari, sai na kare shi. Na ce a matsar da sarkin. Gurbi ɗaya kawai ya rage masa, aka sa shi. Wayar ta turo ƙaramin soja. Na sake matsawa. Ta turo giwar nan mai tafiya a karkace, ta yi ƙara, ta tsaya.

Dakta ya ce, "Shi ke nan, ya mutu."

Na duba. Sarkin yana nan tsaye, ba wanda ya ɗauke shi daga allon. Manyan 'ya'yana suna can gefe guda a cike, ba abin da ya taɓa su. Na ce a sake. Aka sake, na bi ta wani wajen, aka zo wuri ɗaya. Baba ya ce magariba ta yi, kuma magana ta ƙare, ni na zaɓa da bakina.

Da muka fito na tambayi Dakta shi wa ya zuba wa kuɗi. Ya ce siririn. Ya ce tun lokacin da na zaɓa zanen nan na gefe ya nuna baƙi ke gaba, inji ne ke lissafawa. Na ce to in inji ya riga ya sani, me mutanen suke zaune suna yi tun azahar? Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce ya bar shi.

Da safe na kai Badamagaren wurin haris, don haka ake yi, mai fita shi ke gabatar da mai shiga. Na nuna wa Badamagaren motar da ba a sa wa sabulu, da ta tsohon da ke son a ɗaga masa wayifa in an gama. Ya ce in bar masa babban bokitina tunda ba ni da abin yi da shi. Na ce ya saya.

Haris ya fito da mabuɗi a hannu, ya dube ni ya dube shi. Ya tambaye ni da Larabci wa ya raba mu.

Na ce, "Wani Bature ne ya sallama."

Ya ce, "Wane Bature?"

Na ce ban san shi ba.

Ya ce, "Yana da mota a nan?"

Na ce a'a. Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Ya miƙa wa Badamagaren mabuɗin, ya ce yalla, rana tana yi. Na ɗaure bokitaina a bayan keke, na tura shi zuwa bakin titi, na tsaya ina duba hagu da dama.