Takardar da Ba Umara Ya Rataye a Bango

Duk unguwar Lamisula babu wanda bai san Ba Umara mai wankin hula ba, kuma ba don hular ba. Hular dai yana wanke ta, ya sa mata sitaci, ya ɗora a gungumen itace ya yi ta bugu har ta yi ƙyalli, kamar yadda ubansa ya yi tun suna Konduga. Abin da aka san shi da shi shi ne kai. Ka ambaci sunan mutum, Ba Umara zai gaya maka uwarsa da kakarsa, da garin da aka auro ta, da abin da ya kashe ta. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma dangi kaf suna cikin ƙwaƙwalwarsa.

Ni Margaret Dzarma, shekara ashirin da biyu ina haya a gidan da ke jikin shagonsa, ina aikin fayil a asibiti. Ni na jawo masa wannan masifa, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Akwai ciwon da ya addabi gidansu. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa sai ya fara ganin jini a bayan gida, ya yi ta ɗirkar jiƙon basir, ya rame, ciki ya kumbura, shi ke nan. Haka ubansa ya tafi, haka gwaggonsa, haka yayansa. Sai da ya zo kan ƙaninsa Habib, mai shekara arba'in da ɗaya, aka kai shi asibitinmu, aka ce dajin hanji ne. Bai yi wata huɗu ba.

A lokacin muna da wani likita, Dakta Abdulnasir, wanda ba shi da zance sai na dajin hanji. Bincike yake yi a kan gidajen da ciwon ke bin jini, yana ta ƙorafin cewa mutanenmu ba su san abin da ya kashe kakanninsu ba. Ni da shegen bakin nan nawa na ce, "Likita, ai ina da maƙwabci wanda ya san har na kakannin kakanni."

Kwana uku Dakta yana zuwa shagon. Ya zauna a benci cikin huluna, Ba Umara na zuba, shi yana zane: maza ɗan akwati, mata ɗan zobe, layi daga uwa da uba zuwa 'ya'ya. Ban taɓa ganin dattijon nan cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Shekara da shekaru ana ce masa mai surutu, yau ga likita guda yana cewa, "Baba, a hankali, maimaita." Da aka zo ɗibar jini, shi ya bi gida-gida har Konduga ya tattaro mutum ashirin da shida. Wanda ya yi gardama ya ce masa ɗan ƙauye. 'Ya'yansa mata biyu, Siddiƙa da ƙanwarta Muhsinat, su ya sa a gaba. Dakta ya ce in an ga wani abu za a kira su.

Ba a kira kowa ba. Dakta ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi. Bayan shekara biyu ya turo mini takardar binciken da aka buga, ya ce in miƙa wa Baba da godiya. Babu sunan kowa a ciki, wannan alkawarin da ya yi musu kam ya cika shi. Na buga ta a ofis, shafi tara na Turancin likitoci, ban karanta ba, wallahi ko layi ɗaya. Shekara nawa ina ɗaukar fayil, yaushe na taɓa buɗewa in karanta? Na kai masa haka nan.

Ba Umara ya juya shafukan har ya zo kan zanen. Nan take ya gane gidansu. Ya bi da yatsa yana kiran sunaye, bai ɓata ko ɗaya ba. Waɗanda aka cike da baƙi ya ce matattu ne, Allah ya jiƙansu. Wasu kuma da ɗan ɗigo a tsakiya, ya ce ƙila tawada ce ta zuba. Washegari ya kai aka sa wa shafin gilashi, ya rataye a saman gungumen hulunansa. Duk wanda ya kawo wanki sai an nuna masa. "Asalinmu ya shiga littafin Turawa," in ji shi. "Naku yana ina?"

Wata takwas tana rataye a wurin.

Siddiƙa tana da shekara ashirin da bakwai, malamar firamare ce, yarinya mai kunya da ba ta iya kallon idon babba. Shekara uku suna tare da Mikail, wani mai shagon kayan wuta a Gomari. An kai gaisuwa, an sa rana, saura mako shida. Ita da uwarta Ya Kaltum sun cika gidan da hayaƙin haɗa turaren wuta, har ɗakina yake shigowa.

Ran nan gwaggon ango, Hajja Zainaba, ta biyo ta shagon don gaida suruki. Tsohuwar malamar jinya ce, mai tabarau da sarƙa. Ina zaune a ƙofa ina tsinke zogale, komai a idona. Ba Umara ya yi mata wushe-wushe na sannu da zuwa, ya share benci, sannan, ina ruwan mai abin alfahari, ya sauko da gilashin. Hajja ta gyara tabarau. Na ga ta daɗe a kan ƙananan rubutun da ke ƙasan zanen.

"Ba Umara," ta ce da murmushi, "wace ce amaryar tamu a nan?"

Ya ɗora yatsa a kan zobe mai ɗigo. "Ga ta nan."

"Wannan ta kusa da ita fa?"

"Muhsinat ce, auta."

Zoben Muhsinat fari ne fes. Hajja ta ce masha Allah, ta ciro waya ta ɗauki hoto, ta yi sallama.

Da ta tafi na karɓi gilashin na karanta abin da ya kamata in karanta tun wata takwas. Baƙi: wanda ciwon ya kama. Ɗigo: wanda aka samu gadon ciwon a jininsa, bai kama shi ba tukuna. Mutum bakwai ne masu ɗigo. Baƙuwa daga Gomari ta san abin da ke jinin Siddiƙa, Siddiƙa tana cikin gida tana tace turare ba ta sani ba.

Kwana biyar sai ga manyan Mikail. Ba su yi faɗa ba, da sun yi ma da sauƙi. Suka ce su ba sa son zumunci ya lalace, gidan mutunci ne, kaya kuma sun riga sun shigo. Tunda Allah ya sa akwai ƙanwa, me zai hana a mayar da maganar kanta? Na ce a raina Mikail ba zai yarda ba, shekara uku fa. Ya yarda. Wai uwarsa ta yi masa kuka.

Kafin nan hoton ya gama zaga wayoyin unguwa. Dangin da Ba Umara ya kai ɗibar jini suka yi masa caa. Wani ɗan yayansa ya tsaya a bakin shago yana cewa, "Kai ka tallata mu, tsoho mai neman suna!" Dangin ne kuma suka ce masa ya karɓi tayin, don in ya ƙi, babu mai sake tako gidan, gara ɗaya ta fita. Ya karɓa. Muhsinat ta yi kuka kwana biyu, ran na uku aka fara yi mata gyaran jiki. Ni ban ga laifinta sosai ba, amma har yau ba na iya amsa gaisuwarta da daɗin rai.

Ba a ɗaga ranar ba ko da kwana ɗaya. Akwatunan nan dai, ɗinkunan nan dai, sai da aka rage musu faɗi. Siddiƙa ce ta yi ta zuba wa baƙi abinci, mata suna karɓa suna kallonta ta gefen ido, wasu na ajiyewa ba su ci ba, kamar ana ɗauka a tuwo. Jahilci dai bai yi ba!

Ba Umara ya rufe shago tun daga lokacin. Yana zama a zaure, in an gaishe shi ya amsa, in an tambaye shi ɗan wane ne wane, ya ce bai sani ba. Siddiƙa tana kai masa abinci, ta durƙusa ta ajiye, ta tashi. Ba ta taɓa ce masa don me ba, kuma na san ya fi son ta zage shi.

Bayan biki da mako biyu ta shigo ɗakina ta ce, "Anti, ki rubuta wa likitan nan. Ki tambaye shi me zan yi." Na rubuta, na haɗa da duk abin da ke cikina, ban rage masa komai ba.

Ya amsa da wuri, da ladabinsa. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya ɗauka wanda ya bar wa aikin ya kira su. Ya ce ɗigo ba hukunci ba ne, ta riƙa zuwa ana duba hanjinta da na'ura a kai a kai, in an tari abin da wuri ana cin ƙarfinsa. Ina karanta mata ina fassarawa, har na zo layin ƙarshe na tsaya.

"Karanta, Anti," in ji ta.

Dakta ya ce yana shirin buga kashi na biyu na binciken, zai ji daɗi in zan taimaka in gaya masa, cikin mutum bakwai ɗin nan, ko akwai wanda ciwon ya fara.

Siddiƙa ta gyara mayafinta ta miƙe.

"Ki ce masa tukuna."