Na Sa An Binne Hoton Ƴata a Intanet

Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan. A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce a Matameye, ina soya ƙuliƙuli, ba na shiga sabgar kowa. Kafin nan na bi mota zuwa Aljeriya tare da ƙaramar ƴata. Ni na dawo, ita tana can binne cikin rairayin hamada.

A hanyar tafiya wani ɗan jarida ya ɗauke mu hoto muna zaune a ƙasa, kanta a cinyata. Ya tambayi sunana da garinmu, na faɗa masa. Ban san inda zai kai su ba sai da babban ɗana ya tashi neman aure a Dungu. Yayan yarinyar da yake nema ya buga sunana da Matameye a salula, hoton nan ne ya fara fitowa, da bayanin cewa bara za mu. Suka ce ba su ba ɗan mai bara ƴa. Ɗana ya daina cin tuwona.

Aka nuna mini wani mutum kusa da tasha, aikinsa tura shafukan ƴan kasuwa na intanet sama don mai bincike ya fara ganinsu. Na ce ni ƙasa nake so. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa samun mai neman faɗuwa ba sai ni. Gogewa ba ta hannunsa, in ji shi, amma zai iya tara wasu shafuka da sunana, na ƙuliƙuli da man gyaɗa, su danne wancan. Yana da wani abu a kwamfutarsa da ke nuna matsayin kowace kalma. Duk ranar kasuwa sai in biya, ya gaya mini inda hoton yake. Yau ya sauka, wani mako ya sake hawa saboda dangi suna ta buɗe shi. Na bi su gida gida na hana. Wata rana ya ce, Inna, bari in wanke miki shi a takarda ki ajiye. Na ce in ya sake wannan magana ba zai ƙara ganina ba.

Hoton ya nutse, aka ɗaura aure. Bayan damina na wayi gari ina neman fuskar ƴar tawa a raina, sai kallabinta kawai nake gani. Na koma wurin mutumin. Ya bincika, ya ce masu jaridar sun rufe shafinsu gaba ɗaya, kuma ba aikinmu ne ya rufe shi ba. Na san haka. Amma hotonta ke nan guda a duniya, kuma ni ce nake murna duk makon da ya ƙara nisa. Har yanzu ina zuwa. Yana buga sunana, sai ƙuliƙuli ya cika allon.

Abin da na koya shi ne surutun mutane yana ƙarewa. Surukan nan yau a kwano ɗaya muke ci, ba wanda ke tuna zancen. Duk mai son ɓoye wani abu saboda kunya, ya tsaya ya duba ko akwai wani nasa a ciki. Ni ban duba ba.