Kwallin da ya ɓata hoton kaina

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba, har wasu sun ce girman kai ya kama Madam Mariyama. Ba girman kai ba ne, idanuna ne suka kusa tafiya.

Abin ya fara da ɗaukewar al'ada. Sai ga ruwan nono, alhali autata Nafisa ta shiga lakwal, wato makarantar boko. Na ce ciki ne, har na fara yi wa maigidana Isuhu yanga.

A asibitin Dogon Dutsi aka yi mini eko, hoton ciki da ake ɗauka da sauti. Abin da na gani a allo yayyafi ne baƙi da fari, kamar talabijin da ta rasa tasha. Likitan ya yi ta murɗa maɓallai, yayyafin ya lafa, mahaifa ta fito sarai. Babu kowa a ciki. Na ji kunya, na kuma ji tsoro.

Daga nan ciwon kai ya sa ni gaba, gani kuma ya fara tsukewa. Gabana ina gani, gefe da gefe babu. Ranar kasuwa amalanken jaki ya goge ni, ban san da zuwansa ba sai da na ji ni a ƙasa.

Inna ta aiko mini da kwalli daga Matankari, na dutse, wanda ta niƙa da hannunta, ta ce maganin ido ne tun kakanni. Na riƙa zizara shi safe da yamma.

Likitan ido ya ce idanun lafiyarsu lau, matsalar tana bayansu. Ya tura mu Yamai a yi gwajin jini da IRM, hoton cikin kai da ake ɗauka da maganaɗisu. Isuhu ya sayar da ragunan da yake kiwo, muka hau mota.

Mai ɗaukar hoton wata mata ce, Balkisa. Ta tambaye ni ko da ƙarfe a jikina, na cire 'yan kunne, zobe, har fil ɗin ɗankwali. Kwalli kuwa ko a raina bai zo ba, wace mace za ta je Yamai da ido fari fat?

Aka tura ni cikin na'urar. Rami ne matsattse, ga ƙara kamar ana sakwara a kan kunnena. Na karanta duk addu'ar da na sani.

Da na fito, Balkisa ta leƙa fuskata ta ce, "Yaya, kwalli kika sa?"

Ta nuna mini allo. Wajen idanuna baƙin tabo ne, gefensa duk ya karkace. Ta ce wani kwallin akwai garin ƙarfe a ciki, wannan ɓarnar kuma babu kwamfutar da za ta gyara, sai an wanke an sake.

Isuhu ya ce, "To ga shi nan, kwalliya ta ci muna raguna." Ba a ƙara mana kuɗi ba, amma har yau bai bar tsokanata ba.

Na wanke ido har ya yi ja. A karo na biyu jikina rawa yake, Balkisa ta ga ba zan jure doguwar kwanciya ba, sai ta gajarta ɗaukar. Hoton ya fito da tsaki-tsaki, don gajeren ɗauka haka yake zuwa.

Abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba. Ta danna wani abu, tsakin ya fara bajewa. Ta ce kwamfutar tana gwada kowane ɗigo da maƙwabtansa, ta ware na jiki da na hayaniyar na'ura. Ina kallo ƙwaƙwalwata ta bayyana, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ga jijiyoyin idanuna biyu sun haɗu, ga wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino ya tokare su daga ƙasa.

Shekara da shekaru ina ɗauke da kan nan, ina masa kitso, ban taɓa sanin irin ginin da Allah ya yi a ciki ba. Na manta ciwo nake kallo, Subhanallahi kawai nake maimaitawa.

Likita ya ajiye hotuna biyu gefe da gefe, mai tsaki da tacacce. Na tambaye shi amfanin mai dattin. Ya ce tacewa kamar sheƙar hatsi ce, in iska ta yi yawa har tsabar take kwashewa, don haka ba ya yarda da tacaccen sai ya ga abin a na asali.

Na tambaye shi ko za a fasa kaina. Ya duba sakamakon jinin ya ce ƙarin ne ya ɗauke mini al'ada ya kuma tsuke gani, amma irinsa yana jin magani, a fara da ƙwaya. Na fashe da kuka a gabansa.

Maganin ya wahalar da ni da jiri da tashin zuciya, amma ban fasa ba. Da muka koma aka sake hoto, ƙullutun ya koma kamar ƙwayar wake.

Shawarata: in al'ada ta ɗauke, eko ya nuna ba ciki, kada ki zauna, ki nemi gwajin jini. In kina karo da abubuwa ta gefe, je a duba. Ranar IRM ki bar kwalli a gida, ki kwanta shiru. Ki adana faifan hotonki, za a nema don kwatantawa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da Balkisa, da ku masu addu'a.

Isuhu kuwa ban san ta inda zan fara ba. Wata safiya ina ratsa tsakar gida, sai na hango motsi ta wutsiyar idona na hagu. Shi ne, ya lallaɓo yana janye turmi daga hanyata, ba ko tari. Ashe duk watannin nan haka yake bina yana kawar da kujeru da bokitai, ni kuwa ina yabon kaina wai na iya tafiya.

Ban juya ba na ce, "Baban Nafisa, bar shi nan, ina ganinka."

Ya zauna a kan turmin ya rufe fuska da hula.