Dutsen da Na Cire a Ƙofar Ganuwa

Shekara tara ke nan da faruwar wannan abu, kuma wallahi yadda ya faru haka zan faɗa muku. Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal ɗin ban ruwa na tashi, a nan furfura ta same ni. Ba ni da tsoro, ku fara sanin wannan. Motar tumatir ta taɓa kifewa da mu a hanyar Zariya, na fito da ƙafata, wasu ba su fito ba. Amai da gudawa sun ɗauke mini 'ya'ya biyu a mako guda, ni na haƙa musu kabari. To idan na ce abu ya girgiza ni, ya girgiza ni.

Mun gama yankan shinkafa, sai ƙanena Hamisu ya matsa mini. Magidanci ne, 'ya'yansa uku, amma surutu kamar rediyo, ko a jana'iza sai an harare shi. Wai abokansa sun je wani dutse can kudu da mu, mai tsohuwar ganuwa a kansa, sun yi hotuna, shi ma sai ya je. Ya ce, “Yaya, kai daga gona sai gona. Duniyar nan ba tumatir ba ce kaɗai.” Na ce to, don ya ƙyale ni. Sunan dutsen ba zan faɗa ba, kada wani ya ce bari ya je ya gwada.

Da hantsi muka isa a kan babur ɗina. Akwai wani dattijo mai noman gyaɗa a gindin dutsen, shi ke zagayawa da baƙi. Ya nuna mana tsofaffin ramukan rini da ƙasa ta cinye, da wani kududdufi a cikin dutse wanda ya ce ba ya ƙafewa, da wata kuka da mutum biyar za su zauna a cikinta. Hamisu sai ɗaukar hoto yake yana zuba, ni kuwa ina lissafin gobe ne ranar ban ruwana.

Muka hau har ƙofar ganuwar. Duwatsu ne aka jera sun kewaye kan dutsen, sun fi tsayina, ƙofa ɗaya ce kuma ba ta da ƙyaure. Dattijon ya tsaya a nan, ya ce gwiwarsa ba ta wuce wurin. Ya nuna mana gurbi biyu da aka sassaƙa a jikin ƙofar, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Na waje na baƙi ne, ka ajiye tsakuwarka idan za ka shiga, ka ɗauke ta idan ka fito, don a san ba a bar kowa a sama ba. Na ciki na mutanen garin ne, zamanin da mahara ke kama mutane. Wanda zai sauka gona ko ɗibar itace sai ya sa dutsensa a ciki, in ya dawo ya cire. Mai ƙofa ba ya rufewa sai gurbin ya zama wayam.

Ya ce, “Akwai dutse guda a ciki tun kafin kakana. Mai shi ya fita bai dawo ba, shi ya sa ba a taɓa rufe ƙofar nan ba. Ku kalle shi da ido, 'ya'yana, ban da hannu.”

Na ajiye baƙar tsakuwa, Hamisu ya ajiye ja, muka shiga.

Na ga dutsen. Shafaffe ne, sumul, tsawon tafin hannu. Duk wanda ya yini yana yankan shinkafa da dakusasshen lauje ya san darajar irin wannan dutse wajen wasa lauje, don a kasuwar Bunkure ban taɓa ganin mai laushinsa ba. Na ji abin da dattijon ya faɗa, ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Tatsuniya na ɗauke shi. Hamisu ya yi gaba, na sa hannu na cire, kuma da yake aljihuna a yage yake, sai na cim masa na jefa a jakar da ya rataya, wadda jarkar ruwanmu ke ciki. Bai sani ba.

Saman fili ne, ga kufan ɗakuna, ga duwatsun niƙa da suka lotsa, in ka leƙa kuma kana hango gonakin rani kore shar, kanal na ƙyalli a tsakaninsu. Ba mu yi rabin sa'a ba na lura da abu biyu. Iska ta tsaya cak, Hamisu kuma ya yi shiru. Shirun Hamisu ya fi damuna.

Sai na ji lugude. Taɓare uku a turmi ɗaya, sarai, kamar a bayan katanga, ga ƙamshin hayaƙin kara, alhali ba wuta ba mutum, rana tsaka, inuwata a ƙarƙashin ƙafata. Can wata mace ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Bayanta na ji wani abu mai nauyi ya gurzu a kan dutse, ya tsaya.

Na ce, “Tashi mu tafi.”

Muka bi jikin ganuwar, babu ƙofa. Muka kewaye ta sau uku, ina gane wurin da wani dutsen niƙa mai tsagewa, duwatsu ne jere ko'ina, ba ko kafar da akuya za ta bi. Na gwada haurawa, na leƙa, gangare ne miƙe wanda ko biri ba zai sauka ba. Na ƙwala wa dattijon kira, muryata ta faɗi a gabana kamar na yi magana a cikin buhu.

Da na juya, Hamisu ya zauna a bakin wani kufai, ya cire takalmi, ya miƙa hannu biyu kamar ana zuba masa ruwa. Ya ce, “Yaya, ka je kawai. Sun ce in ci abinci tukuna, an daɗe ana jira na.”

A nan na gane abin da na yi. Dutsen a jakarsa yake, shi aka ƙirga ya dawo.

Na kwance ƙyallen da nake naɗe kai da shi, na ɗaure hannunsa da nawa. Ya yi ta turjewa yana kuka, na mare shi, ban taɓa marinsa ba sai ranar. Na ciro dutsen na cusa a ƙuguna, na karanta abin da na iya, ba shi da yawa. Sannan na yi abin da na sani. Shekara talatin ina ban ruwa, na san ido na ruɗuwa amma ruwa ba ya ɓata hanya, kuma da muna shigowa na ga zaizayar da ruwan damina ya yi, ta ƙofar yake fita. Na tsiyaya ruwan jarkar a kan dutse, ya gangara, na bi shi ina jan Hamisu. In ya tsaya in ƙara kaɗan. Luguden yana bayanmu, yana matsowa, har ina jin dukan taɓaryar a tafin ƙafata, ban waiga ba.

Ragowar ruwan ya kai ni jikin ganuwa, ya shige ƙarƙashin duwatsun da nake gani da idona. Na rufe ido, na lalubi bango, hannuna ya faɗa cikin gurbi. Na mayar da dutsen. Luguden ya yanke. Na taka gaba ido a rufe, ban yi karo da komai ba.

Dattijon yana zaune inda muka bar shi. Ya ce bai ji kira ba, bai ji guɗa ba, kuma ƙofa tana nan a buɗe yana kallonta. Na gaya masa gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, “Ɗauki tsakuwoyinku.”

Na duba gurbin waje. Baƙar tana nan, jar babu. Muka duba ƙasa, muka tone ciyawa, babu. Na ce ko wani ya wuce? Ya ce ko ƙadangare bai wuce ta gabansa ba. Ya daɗe yana kallon Hamisu, sannan ya ce mini, “Kai shi gida. Kada ka sake zuwa nan.”

Hamisu yana nan da ransa. An yi masa rubutu, an kai shi asibiti, an ce lafiyarsa ƙalau. Yana noma, yana salla, ya san sunan 'ya'yansa. Amma surutun ya tafi, sai ya yini bai yi magana goma ba, kuma matarsa ta ce in an rufe ƙofar ɗaki sai ya tashi ya buɗe. Hotunan da ya ɗauka suna wayarsa, bai taɓa neman ganinsu ba.

Bara muna ban ruwa, ni da shi, ya tsaya a bakin kanal ɗin da muka koyi iyo a cikinsa, inda ya taɓa karya haƙori yana yaro. Ya yi ta kallon ruwan, sannan ya juyo ya ce, “Yaya, wannan kogin yaushe aka haƙa shi? Da na fita babu shi.”

Har yau ban tambaye shi daga ina ya fita ba, don ina tsoron ya gaya mini.

In kun je irin wuraren nan, ku je, ku yi kallo, ku yi hotonku. Amma abin da kuka tarar a ajiye, ko tsakuwa ce, ku bar shi inda yake. Wani ne ya ajiye, kuma ba ku san wa ke jira ba.