Ƙasar Sawu

Duk lokacin da ƙarar jirgi ta taso daga filin Tawa, aikin hannuna tsayawa yake. Ba don sha'awa ba. Ni jirgi bai yi mini komi ba sai ɓarna.

Can ƙauyenmu na wajen Barmu, da an gama yankan hatsi babanmu kan ɗora gero bisa raƙuma ya bi ayarin Buzaye arewa, Agadas, har Dirku, ya sawo gishiri da dabino. Ranar tashi ba mai kuka. Kakarmu kan bari sai ya fita ƙofar gida, sannan ta durƙusa da gwiwoyinta masu ƙara, ta kwashe ƙasar sawunsa na dama, ta ƙulle cikin tsumma, ta soke a rufin ɗaki, wurin da hayaƙin tuwo ya mai da kara baƙi.

Na taɓa tambayarta mi ne amfanin abin.

Ta ce, "Kai dai dogon kai gare ka ba hankali. Ƙafa ba ta barin ƙasarta a hannun mutane. Tana dawowa biɗa."

Sanyi ya zo ya wuce, rijiyoyi su ja baya, mu yi ta kallon ƙullin nan. Sai wata rana ka ji kukan raƙumi bayan gari, ga babanmu ya rame, leɓe ya tsage, yana warin fata da gishiri. Kaka ta kwance tsumma ta zube masa ƙasarsa a ƙofa ya taka. Malamin garinmu bai son al'adar, amma bai taɓa hanawa ba.

Bara waccan wasu masu haƙa rijiya suka ɗauki ɗana na fari aiki Dirku. Da jirgi za a kai su. Muka raka shi fili, ni da uwarsa, tsummanta cikin hannu. A gida ta ƙi ɗibar ƙasar sawunsa, wai ba nan ne bakin tafiya ba. Bakin wayar da ta kewaye filin jandarma ya tare mu. Yaron ya shige cikin 'yan uwan aikinsa, ya taka kwalta, ya hau. Kwalta ba ta riƙe sawu.

Na ce wa jandarman, "Yallaɓai, kwana nawa su kai?"

Ya yi dariya. "Kwana, Baba? In sun tashi bayan azahar, la'asar can za su yi ta."

Na ce a raina, to ai kusa ne. Hanyar da ta cinye ƙuruciyar babana, ga ta tsakanin salla biyu.

Da farko yana kira. Ya ce aikin ya ƙare, zai ƙara gaba wajen masu zinariya. Daga nan shiru. Damina biyu ke nan. Wanda duk ya sauko daga arewa na tare shi a tasha, ba wanda ya gan shi. Kusancin nan da aka faɗa mini, na masu jirgi ne. Ni Dirku ta fi mini nisa bisa yadda ta yi wa babana, don shi ko ba komi ya san rijiyoyin hanya.

Ranar da muka raka shi, uwar yaron ba ta dawo hannu wofi ba. Da jirgin ya tashi ta durƙusa bakin wayar, inda sawun sojoji da na matafiya suka tattake juna, ta zaɓi ɗaya ta kwashe. Ƙullin yana nan soke a rufin ɗakinmu. Kullum da safe tana duba shi. Ni kuwa wallahi ban san ƙafar wa muke jira ba.