Kankanar Baba Da Na Dafa

Shekarun baya, lokacin ina shekara ta biyu a jami'a ina karatun sarrafa abinci, aka yi mini waya daga ƙauyenmu da ke kusa da Urafan cewa jikin mahaifina ya yi tsanani. Ciwo ne a maƙogwaro. Da aka yi hutu na je gida, na iske tuwo ya daina wuce masa, fura ma sai da dabara. Abu ɗaya yake sha ya ji daɗi: ruwan kankana da mahaifiyata ke tace masa da tsumma mai tsabta.

Matsalar ita ce lokacin kankana ya zo ƙarshe. Yayana ya zagaye kasuwar Tasawa, da ƙyar ya haɗo goma sha biyu, aka kawo su a amalanke.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da wani darasi da aka yi mana. Malaminmu ya ce akwai injin da ke matse ruwan 'ya'yan itace da ƙarfin gaske, ƙwayoyin cuta su mutu, amma launi da ƙamshi da kauri su tsaya yadda suke har tsawon makonni. Kalmar matsi kawai na riƙe, sauran bayanin ya bi iska. Na hau kabu-kabu zuwa Tasawa, na aro kokot wajen matar wani abokina, tukunyar nan mai murfin ɗauri da ke huci. A hankalina na wancan lokaci, matsi ai matsi ne.

Mahaifiyata ta ga na wasa wuƙa, ta ce, "Kai ɗan nan, bar mini ko huɗu in turbuɗe cikin rairai ƙarƙashin rumbu. Haka muka saba, suna kai sati biyu lahiya lau."

Na ce, "Inna, sati biyu mi za shi yi muna? Wagga dabara wata biyu take riƙewa."

Ta dube ni, ta miƙo mini babban kwano. Ɗanta ne mai boko, ba ta ja ba.

Duka na yanka. Na tace, na zuba a kwalabe, na dinga jera su a kokot ina hura wuta har la'asar. Da suka huce na ɗaga ɗaya a rana. Jan nan ya dushe, ruwa ya rabu ya hau sama, dusa-dusa ta kwanta a ƙasa. Na buɗe, sai warin dafaffiyar kabewa.

Haka na kai wa mahaifina. Ya kurɓa sau ɗaya, ya daɗe kafin ya haɗiye, ya ce, "Allah shi yi ma albarka. Ni dai kwanan nan kankanar ta hita raina." Na yarda, don ina son in yarda. Hutu ya ƙare na koma makaranta. Bai kai lokacin wata kankanar ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Sai daga baya, a wani horo da na je ƙasar waje, na ga injin da idona. Ba wuta ko kaɗan. Cikin ruwan sanyi ake matse kwalaben, su fito jajur kamar yanzu aka yanka. Na tsaya riƙe da kwalba mai sanyi, na kasa bin abin da ake faɗa.

Da na dawo na ba mahaifiyata labari, ina ɗan dariya don in rage wa kaina nauyi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ai kullum in ka hita sai ya tambaye ni ko akwai wadda ta tsira ba ka yanka ba. Ya ce kar in kuskura in hwaɗa maka."

Yau aikina ke nan, ina koya wa ƙungiyoyin mata adana ruwan 'ya'yan itace. Duk sabuwar dabarar da zan kawo, sai na fara cewa kowa ta ware rabi ta ajiye yadda ta saba. Suna ɗauka tsantseni ne na malami. Ban taɓa iya gaya musu cewa mutumin da ke fama da ƙishi ne ya yi ƙarya don kada in ji kunya ba.