Rogon Kamfani

Har yau idan aka ajiye rogo a gaban 'yata, ni nake fara kai shi baki. Ko a gidan biki ne, ko a bakin kasuwa. Nakan ɓantari gefensa da haƙori, in riƙe a kan harshe, in jira. Mutane suna kallona, na sani. Wata maƙwabciyata ta ce na koma ɓeran gidana, komai sai na fara gutsura. Nakan yi dariya in bar ta a haka.

Gidanmu yana bayan garin Lafiya, ta hanyar Doma, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Daga ƙofarmu ana hango kamfanin: dogon gini mai shuɗin kwano, da wani bututu a tsaye wanda aka ce hayaƙi zai riƙa fita ta cikinsa. Ina da cikin yarinyar aka fara ginin. Ranar sunanta muna jin ƙarar masu walda, har mata suna tsokanata wai na haifi 'yar kamfani.

Aka ce sitaci za a riƙa yi da rogo. Ni sitacin da na sani shi ne wanda ake sa wa shadda kafin guga. Maigidana ya yi min dariya.

"Wannan ba na wanki ba ne. Na magani ne, da biskit, da takarda. Har Legas za a kai shi."

"To mu me za mu ci a ciki?"

"Ke dai kullum cikinki kike tunawa."

Mutanen kamfanin suka kira taro a gindin mangwaro, maza zalla suka je. Aka raba musu itacen rogo ɗauri ɗauri, kyauta, aka ce duk abin da suka noma kamfani zai saya. Malamin gonarsu ya yi bayani, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce wannan irin ba na tukunya ba ne, yana da dafi a jikinsa, sai an kankare shi an matse an soya, ko an jiƙa shi ya ruɓe sosai, sannan ya ciwu. Amma waɗanda suka ji bayanin ba su ne masu hura wuta a gidaje ba. Maigida ya faɗa min yana wanke ƙafa. Ni kuma na faɗa wa surukata, wadda muke kira Inna, tana zaune a tabarma tana ɓare goro.

Inna ta tsufa, idonta ya yi hazo. Hausarta irin ta tsofaffin ƙauye ce, ba ta raba mace da namiji a magana. Ta ce, "Rogo rogo ne. Tun ba a haifi uban yarinyan nan ba nake cin shi."

"Inna, wannan daban ne. Sun ce yana kisa."

"Su waye sun ce? Masu takalmi?"

A shekarar maigida bai shuka doya ba, bai shuka dawa ba, ko agushin da muke watsawa tsakanin kunya bai bari ba. Rogonmu na gado, mai zaƙi, wanda ake gasawa a ci da ƙuli, ya tuge shi ya dasa na kamfani tun daga bakin hanya har rafi. Na roƙe shi ya bar min ko kusurwa ɗaya. Ya ce tsoro ne zai kashe ni ba yunwa ba.

Rogon ya yi kyau, kyawun da yake ba ni tsoro. Ganyensa duhu, tsayinsa ɗaya kamar an yi masa aski. Idan iska ta taso da yamma duk gonar takan kwanta gefe guda ta tashi tare.

Kafin ya nuna, kamfanin ya fara aiki da rogon waɗanda suka riga mu dasawa. Ba zan manta jiniyar farko ba. Ina tankaɗe na ji ta, kaji suka watse, yarinyar ta ruga ta rungume ƙafata. Na fara kai kunun zaƙi bakin get ɗin kamfanin, kafin azahar ya ƙare. Samarin unguwarmu da suke kwana a gindin bishiya suna jiran fasinjan acaba, sai ga su suna fitowa daga kamfanin da farin gari a gira da gashin baki kamar tsofaffi, suna tafiya da ƙarfi. Mai shayi ya ƙara benci. Wata mata ta fara sayar da shinkafa da wake. Na ga wannan da idona, shi ya sa ko yau ban iya zagin wurin.

Amma ko a lokacin mu na bakin get mun san motsinsa fiye da yadda suke zato. Idan an kawo wuta, ƙarar injin siririya ce. Idan an ɗauke, sai a yi shiru, sannan janareta ya yi tari ya kama, wani ƙato mai girman ɗaki. Masu gadi suka ce abin da yake sha na man gas a yini zai kai tirela Kano ta dawo. Daga baya taransifoma ta ƙone, janaretan ya zama shi kaɗai. Shirun da yake shiga tsakanin ƙara da ƙara ya riƙa tsawo. Wata rana jiniyar safe ba ta yi ba sai da hantsi.

Ana cikin haka saƙo ya zo wa su maigida cewa layinsu ya zo, su tuge, motoci na tafe. Wanda bai san rogo ba zai ce mene ne a ciki. Rogo yana iya zama a ƙasa ya jira ka har wata shekara, amma da zarar ya ga rana ya fara mutuwa. Aka yi gayya, aka tuge gonar kaf, aka tara tsibi tsibi a bakin hanya. Maigida ya sa rigarsa ta Juma'a ya zauna a kan tsibi ɗaya yana kallon hanya.

Motoci ba su zo ba. Da ya je tambaya sai aka ce wani ƙarfe ya karye a cikin injin, babu irinsa a ƙasar nan, sai an yi odarsa daga waje, ga dala ta tashi. Manajan da kansa ya fito ya ba su haƙuri. Maigida ya ce mutumin ya rame, ya ce shi ma duk abin da ya mallaka yana cikin ginin nan.

Rogon ya fara baƙin zane a ciki. Wari ya tashi, irin tsamin nan mai shiga tufafi. Unguwa gaba ɗaya ta koma ceto: kowane duro, kowane baho, har kwanon wanka an jiƙa rogo a ciki. Masu iya garin kwaki suka kafa kasko. Maigida ya yi ta jido namu da keke yana zubewa a tsakar gida har ya tare ƙofar kicin. Ni kuwa na ɗauki buhun da na fere na tafi injin markaɗe, na tarar da layi har bakin titi. Na bar yarinyar wurin Inna. Lokacin ta fara haɗa magana, ba ta daɗe da barin nono ba.

Sai bayan la'asar na dawo. Tun daga zaure na ji ƙamshin gasasshen rogo. Na tarar da Inna a gindin murhu, ɓawon rogo a toka, yarinyar kwance a cinyarta.

"Ƙawata ya yi kuka, ya ce yunwa. Na gasa masa ɗan kaɗan. Yanzu ya yi barci."

Ba barci ba ne. Na ɗaga ta, wuyanta ya langaɓe. Ta yi amai a zanen Inna, Inna ba ta gani ba. Numfashinta sama sama, da sauri, kamar na ɗan tsako. Idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mata a tsakar gida. Wata ta ɗura mata manja da cokali, rabi ya zubo ta gefen baki. Wani saurayi daga cikin masu farin gira ya ɗauke mu a babur. Abin da na riƙe na hanyar nan shi ne ƙafarta tana bugun cinyata duk ramin da muka faɗa, ina ta ce wa kaina ita ce take motsawa.

A asibiti nas ta tambaye ni me ta ci. Na ce rogo. Ba ta ce wane iri ba, sai ta ce, "Daga wajen kamfani kuke?" Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi allurai. Na zauna ina kallon ɗigon yana sauka. Maigida ya iso da rigar Juma'ar nan, duk ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Washegari da rana ta buɗe ido sosai ta ce ruwa.

Da muka dawo gida Inna ta kama hannuna. "Na ɗanɗana kafin in ba shi. Wallahi na ɗanɗana. Ban ji ɗaci ba." Na yarda da ita. Haka ake yi tun kakanni, babba ya ɗanɗana, in ba ɗaci a ba yaro. Amma bakin da ya shekara da shekaru yana tauna goro da namijin goro, wane ɗaci ne kuma zai ji? Ita ma ta kwana tana amai ita kaɗai, ba wanda ya lura. Daga ranar ba ta ƙara kusantar murhu ba. Idan yarinyar ta je da abinci ta ce Inna buɗe min, sai ta ɓoye hannuwanta a zane ta ce je wurin uwarka.

Na ɗauka abin ya wuce da wannan shekarar. Bai wuce ba. A wajenmu ba a hana itacen rogo. Idan ka tuge gona kakan bar itacen a gefe, duk mai wucewa ya yi sallama ya ɗiba, wani ma ba sallama, kuma ba sata ba ce. Wanda ya hana iri, har jikokinsa sai an goranta musu. Mu muna asibiti, itacenmu yana bakin hanya. Wa zai ga saiwa mai kaurin cinya ya wuce? Aka ɗiba a babur, aka ɗiba a ka. Wani ɗan'uwan maigida ya kai Assakio. Aka dasa shi a tsakiyar mai zaƙi, shekara ta zagayo aka sake tugewa aka sake rabawa. Bafulatanar da take kawo mana nono ta ce ɗan maraƙinsu ya ci ɓawo a wata gona can wajen Arikya, bai kai yamma ba. Wasu sun ce ana gane shi da jan kara a ganye, amma namu na da ma akwai mai jan kara. A kasuwa kuwa ba ganye, saiwa ce kawai a tire, fara tas.

Kamfanin yana nan. Kwanon ya koɗe, tsuntsaye sun yi sheƙa a bakin bututun, mai gadi ya shuka kuɓewa inda motoci za su riƙa juyawa. Wani lokaci da hantsi ina wanki sai in ji kamar jiniya, in ɗaga kai, ba komai. Yarinyar ba ta tuna ƙararta.

Bana da farkon damina motoci suka zo, masu baƙin gilashi. Wasu mutane da hular kwano suka zagaya ginin suna nuna rufi. Aka ce sababbi ne suka saya, za su sa sola, za su kawo ƙarfen. Aka sake taro a gindin mangwaron nan. Maigida ya dawo da ɗaurin itacen rogo a bayan babur, ya jingine shi a zaure, bai shigo da shi ba. Ya daɗe yana wanke ƙafar da ba ta yi datti ba.

"Sun ce wannan karon ba za a tuge ba sai mota ta tsaya a gona."

"Wancan karon ma sun ce."

"To ya kike so in yi? In ci gaba da kallon ginin?"

Ban ce kada ya dasa ba. Ni ma ina so in ji jiniyar nan da gaske. Ina so in ga 'yata wata rana ta shiga get ɗin da takalmi da jaka, ba da bokitin kunu ba. Na ce masa kawai filin da ke bayan ɗaki nawa ne. Bai yi musu ba. Da kansa ya sari ƙaya ya kewaye min, ya yi ƙofa da tsohon kwano.

Na tafi Doma wurin mahaifiyata neman iri mai zaƙi. Ta kai ni gonarta ta sara min. Na ce, "Mama, kin tabbata na da ne? Ba ki karɓi na kowa ba?" Ta ce ita dai ba ta karɓa ba. Sannan ta ce bara ƙanena ya cike mata gurbin da ya mutu, ba ta tambaye shi inda ya samo ba.

Na kawo na dasa. Ya tsiro, yana nan ya kai gwiwa. Kullum da safe nakan shiga in duba karan ganyen, in ga kamar ja, in matsa kusa in ga kamar kore.

Kwanan baya maƙwabciyata ta aiko mana da dafaffen rogo da yaji. Hannuna yana cikin kumfa, kafin in ɗauraye yarinyar ta ɗauki guda. Ba ta cinye ba. Ta ɓantari gefe da ƙananan haƙoranta, ta riƙe a baki, ta tsaya cik tana kallon bango yadda nake yi. Ba wanda ya koya mata. Inna na tabarma, ta juyo da kunne wajenmu ta daina taunar goro.

Yarinyar ta dube ni, bakinta a cike, tana jira in ce ta haɗiye. Na goge hannuna a zane na ce ta tofa min a tafi tukuna.